Ranar da likita ta ce in ɗan ba su wuri

Wallahi har yau abin na ci min rai. Satin da ya wuce na kai 'yata wurin likitan unguwa a nan Ingila, shekararta 14, ciwon kai ya sa ta gaba kusan wata guda. Wurin tsit kamar ba asibiti ba, ka danna ranar haihuwarka a wata na'ura jikin bango, ka zauna har sunanka ya fito a allo, kuma minti goma kacal ake ba kowa. Muna shiga likitar ta juya kujera ta fuskanci yarinyar, ni da nake ta zuba bayani kai kawai take gyaɗa min. Can sai ta yi murmushi ta ce ko zan ɗan ba su wuri.

Ni fa da na yi naƙudarta! Na fita na tsaya ina kallon takardun rigakafi a bango, jikina har rawa yake.

Ashe abin ya daɗe. Wata uwa mai 'ya'ya goma, Victoria Gillick, ta taɓa kai ƙara kan kada a ba 'yan ƙasa da shekara 16 maganin hana ɗaukar ciki ba da sanin iyaye ba, a 1985 ta sha kaye a babbar kotunsu, alƙalai uku cikin biyar ba su goyi bayanta ba. Tun daga nan in likita ya ga yaro ya fahimci maganin da illarsa to yaron zai iya amincewa da kansa, sirrinsa kuma a rufe yake ko ga uwarsa sai dai in yana cikin babban haɗari.

Na sani akwai yaran da a cikin gidan ake cutar da su, waɗannan dole a ji su su kaɗai, ban musa ba. Amma a minti goma za a auna hankalin yarinyar da na yi shekara 14 ina raino? In magani ya juya mata cikin dare ai ni zan kwana a zaune, ba likitar ba.

Ku na gida kun san mu ma ba komai muke faɗa wa iyayenmu mata ba, kunya ba ta bari. Amma akwai gwaggo, akwai kaka, magana kan zagayo ta iso kunnen uwa a hankali ba ta fita daga dangi ba. Nan wa yarinyar take da shi? Daga ni sai babanta, shi ma aikin dare yake.

A mota na kasa haƙuri na tambaye ta. Ta ce "Umma ba komai fa, bacci ne ba na samu." Tun yaushe? Wai tun bara. Ɗakinta na jikin nawa.

Daren nan na kira ƙanwata na roƙe ta ta riƙa kiran yarinyar ko sau ɗaya a sati. Ta ce to Yaya, amma da wane yare za mu yi hirar, Hausarta ai ba ta wuce gaisuwa ba.