Ranar da 'yan sanda suka yi gadin masu ƙina

Asabar ɗin da ta wuce na fita da ɗiyata zuwa ɗakin karatu na garin da muke zaune a Amurka, sai muka tarar an datse titi da shingen ƙarfe. Wasu mutane ne da ba su wuce ashirin ba, sanye da baƙaƙen kaya, fuskokinsu a rufe, suna ɗaga tutoci masu tambarin 'yan Nazi, ɗayansu yana ihu a lasifika cewa baƙar fata da Yahudawa da baƙi su bar ƙasar. 'Yan sandan da suka kewaye su sun fi su yawa nesa ba kusa ba, wasu a kan kekuna, wasu da garkuwa da hular kwano. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan sandan sun juya wa masu tutocin baya, mu suke fuskanta.

Dokarsu ce ta ba su. Gyaran farko na tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya hana gwamnati toshe bakin mutum, kuma a 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Clarence Brandenburg, jagoran Ku Klux Klan, ƙungiyar masu ƙin baƙar fata, a jihar Ohio, ta ce ba a hukunta maganar da ke goyon bayan amfani da ƙarfi sai idan tana ingiza karya doka nan take. A 1992 kotun ta ƙara da cewa ba za a tsawwala wa ƙungiya kuɗin izinin taro don ana tsoron fushin jama'a ba. Wato harajin da ake cira daga albashina yana cikin kuɗin gadin mai zagina.

Ban manta da namu ba. Na san yadda aka tarbi matasan da suka fito kukan yunwa a Najeriya a Agustan 2024, har aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja, kuma wannan abin kunya ne. Amma ban yarda shingen ƙarfe yana maganin ƙiyayya ba. A wani taron masu fifita farar fata a garin Charlottesville na Amurka, ranar 12 ga Agustan 2017, an jibge jami'an tsaro, duk da haka wani ya kutsa mota cikin masu adawa da taron ya kashe wata mata mai suna Heather Heyer. Jamus, wadda ta san tambarin nan fiye da kowa, ta haramta ɗaga shi, kuma dimokuraɗiyyarta ba ta rushe ba.

A gida, kafin maganar ta kai ga hukuma, wani dattijo zai ce wa mai lasifikar ya ji tsoron Allah, kuma maƙwabta za su leƙo da yamma su ba mu haƙuri. A nan mutane suka wuce da kofunan shayinsu. Ɗiyata, wadda aka haifa a ƙasar, ta tambaye ni a mota ko da mu suke, na ce mata e, har muka isa gida ba ta sake magana ba.