Fawa bank ɗinka da lissafin mudu

Duk mai zama a Kaduna ya san fawa bank ya zama kamar carbi, kowa da nasa a aljihu. Amma ƙorafin ɗaya ne daga Kawo har Kakuri: an rubuta 20,000mAh, batirin waya 5,000 ne, ya kamata ta cika sau huɗu, sai ga shi sau biyu da rabi ya mutu. Sai a ce ɗan kasuwa ya cuci mutum. Wani lokacin an cuce shi ɗin, amma sau da yawa lissafin ne ba a yi daidai ba.

Faɗin mAh, wato ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, shi kaɗai kamar a ce maka "mudu ashirin" ne ba a nuna maka girman mudun ba. Batirin da ke cikin fawa bank ƙarfin wutarsa volt 3.7 ne (3.7V), da wannan mudun aka auna. Ka ninka 20,000 da 3.7 ka raba da dubu, ka samu 74Wh (wat-awa, ma'aunin ainihin yawan wuta), iya wutar da ke ciki ke nan. Batirin waya mai 5,000 kuwa kusan 19Wh yake ɗauka.

To ina ragowar take tafiya? Wutar ba ta wucewa kai tsaye. Fawa bank sai ya ɗaga ta zuwa 5V kafin ta bi igiya, wayar kuma ta sake sauke ta zuwa abin da batirinta ke karɓa. Kowane juyi da kamishonsa, kamar mai POS, kuma wannan kamishon shi ne ɗumin da kake ji a tafin hannunka. Kusan kashi ɗaya cikin uku a nan yake salwanta. Saura kamar 50Wh, raba da 19, ga biyu da rabinka. In kana kallon TikTok ana cajin, kar ma ka ƙirga. Kamfanoni masu mutunci suna rubuta adadin gaskiya da ƙananan haruffa a baya, 12,000 ko 13,000mAh a 5V. Shi za ka duba, ba ƙaton rubutun kwali ba.

Na jabu kuwa nauyi ke fara tona masa asiri. Batirin nan dogo mai suna 18650, wanda ake jerawa cikin fawa bank, nauyinsa kusan giram 45 ne, mai kyau a cikinsu yakan ɗauki kusan 3,500mAh. Dubu ashirin ɗin gaske na buƙatar guda shida, ga murfi ga allon ciki, sai ya tasam ma nauyin ledar fiya wata, wadda rabin kilo ce. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma yana shiga aljihun kaftani ba ka ji shi ba, ka mayar masa da abinsa. Sai dai masu haɗa na bogi ma sun yi boko, suna cika wasu batiran da yashi don su yi nauyi.

Gwajin da yashi ba ya tsallakewa shi ne agogo. Ka ƙarar da shi tas, ka jona shi da caja mai 5V 2A, wato wat 10. Na gaske zai ci fiye da awa takwas kafin ya cika. In ya cika cikin awa biyu, rijiyar ce ba ta da zurfi.

Zafi kuma shi ke tsofar da batir da wuri. Kar a bar shi gaban gilashin mota a ranar Maris ko Afrilu, kar a yi caji ƙarƙashin filo. Da ya kumbura a daina amfani da shi, kuma kar a huda shi, yana iya kamawa da wuta.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne mai ɗan faifan sola a baya. Faifan nan da ƙyar yake ba da wat ɗaya ko ɗaya da rabi. Cika 74Wh da shi zai ci kusan mako biyu ana shanya shi kamar barkono, ranar da ake jira ta cika shi kuma ita ke gasa batirin da ke ciki.