Mutum shida ma tawaga ce

Duk lokacin da aka buɗe gasar Olamfik, ƙasashe suka fara wucewa da tutocinsu, sai ka ga an cika Facebook da tsokana. Amurka ta wuce da ɗaruruwan 'yan wasa, Sin ta wuce, can sai ga Nijar da 'yan mutanenta da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Nan da nan wani zai rubuta, "To su waɗannan me suka je yi? Yawon buɗe ido?" Wallahi maganar nan tana sosa mini rai, don yawancin masu yin ta ba su san tarihin tutar da suke yi wa dariya ba.

A 1964 Nijar ta fara zuwa Olamfik, a Tokiyo, shekara huɗu kacal bayan samun 'yancin kai. Mutum ɗaya ta tura, ɗan dambe Issaka Dabore. Ya dawo hannu rabbana. Ya koma Meziko a 1968, nan ma bai samo komai ba. Da irin masu surutun yau ne ke riƙe da baitulmali, da sun ce a daina asarar kuɗin jirgi. Sai a zuwansa na uku, a Munik a 1972, ya ciyo tagulla, lambar farko a tarihin ƙasar.

Daga nan aka yi shekara 44 babu ko ɗaya. Ba kuma kowane zagaye aka je ba: a 1976 Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace wa Montiriyal saboda batun wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ba ta je Mosko a 1980 ba.

Sai Rio, 2016. 'Yan wasa shida Nijar ta kai Birazil, cikinsu akwai dogon saurayin nan mai tsawon fiye da mita biyu, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ɗan wasan taikwando. Yaron da mahaifinsa ya hana shi wasan tun yana ƙarami, saboda wani ɗan uwansu ya rasu sanadiyyar raunin da ya ji a ciki, sai da ya koma Togo ya ci gaba. A Rio ya fitar da ɗan Faransa, ya fitar da ɗan Birazil a gaban jama'arsa suna ta ihu, ya kai wasan ƙarshe, inda Radik Isaev na Azarbaijan ya yi galaba a kansa. Azurfa ya kawo gida. A teburin lambobin shekarar, Nijar tana sama da Najeriya, wadda ta kai tawaga mai yawa ta dawo da tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa. Ban kawo wannan don gori ba, 'yan uwa ne, ciwonsu namu ne. Ina so dai a ga cewa yawan masu shiga jirgi ba shi ke kawo lamba ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2017, Alfaga ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Na san za a tuna mini da Hamadou Djibo Issaka a Landan, 2012, wanda ya shiga tseren kwale-kwale da horon wata uku kawai, ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa. Gaskiya ne. Amma laifin wa? Mutumin ya tuƙa har ya kai layi, hannu ya mutu, numfashi ya ƙare, 'yan kallo suka miƙe suna tafa masa. Shi ya sauke nasa nauyin. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda ya tuna da gasar saura wata uku, alhali tun shekara huɗu aka san ranarta, kuma ga kogin Kwara yana ratsa tsakiyar Yamai.

Nan ne damuwata take. Alfaga a Jamus ya samu horon da ya kai shi Rio. Yaro mai irin baiwarsa da ke Tawa ko Damagaram, wanda bai samu hanyar fita ba fa? Lambobin nan biyu duk daga wasan gaba da gaba suka fito, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kokawa ta zama jinin jikin mutane. Duk wanda ya taɓa ganin filin gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, ya sani: makaɗa suna zuga, ɗan kokawa ya fito da layu a damtse yana kirari, ƙasa tana tashi, jihohi takwas kowa ya kafa ido a kan nasa. Kuma akwai kokawa a Olamfik. Dokokinta daban ne, a kan tabarma ake yi, da maki da ajin nauyi, amma ƙarfin ƙugu da iya kama ƙafa ai muna da su. Abin da ya rage shi ne a ɗauki yaran tun suna da shekara goma sha biyu, a ba su mai horarwa da abinci mai kyau, a riƙa kai su gasannin Afirka inda ake neman gurbi.

A 2028 za a haɗu a Los Anjalas. Ina roƙon ma'aikatar wasanni da kwamitin Olamfik na ƙasa su fito su faɗa mana tun yanzu yara nawa ke sansanin horo, a wane gari, kuma nawa aka ware musu.