Baƙar ƙasar Mambila tana da rai, mu rage banka mata wuta

Duk wanda ya taɓa bi ta Serti ya wuce Mayo Selbe ya haye dutsen nan na Mambila, a jihar Taraba, zuwa Nguroje da Gembu ya san yadda ciyawa take shimfiɗe shar har iya ganinka, ga sanyi don wurin ya kai wajen mita 1,600 a sama. Kowa ciyawar yake yabo, ni kuma abin da ke ƙarƙashinta ne ya dame ni.

Na taɓa tsugunawa a gefen hanya na tumɓuke tushen ciyawa, ƙasar da ta biyo saiwar baƙa wuluk, mai laushi, tana ƙamshi irin na ruwan farko. Wannan ƙamshin ma wasu ƙwayoyin bakteriya ne suke fitar da shi, a cokalin shayi ɗaya na irin ƙasar nan akwai miliyoyinsu, ga kuma fungas masu zare-zare da ke manne a saiwa suna jawo mata ruwa da abinci. Su ne suke ruɓar da mataccen ganye da kashin shanu, kuma da yake sanyi yana rage musu sauri, ba sa cinye su duka, sai ragowar ta taru shekara da shekaru ta zama baƙin nan. Baƙin nan sinadarin kabon ne da ciyawa ta zuƙo daga iska ta binne.

Naitirojin kuwa, sinadarin da shuka take buƙata don ta girma, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma ciyawa ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye sai bakteriya sun sarrafa shi. Ka tuge wake ka duba ƙulalan saiwarsa, ka fasa ɗaya za ka ga cikinsa ja-ja, to nan suke aikin. Hatta takin yuriya da muke saye da tsada sai halittun cikin ƙasa sun juya shi kafin shuka ta more shi sosai.

Yanzu rani na kamawa sai a cinna wa tuddai wuta don toho ya fito. Wallahi na fahimci makiyayi, dabbarsa na jin yunwa, ba zan zage shi ba. Amma naitirojin ɗin da ke cikin busasshiyar ciyawar yana bin hayaƙi ne ya tafi, toka kawai ake bari, abincin halittun nan ya ƙone, sannan kofato ya zo ya daddaɓe wurin, ruwan sama na zuwa ya kwashe saman, jar ƙasa ta bayyana.

Ni dai roƙona ga ardo-ardo da masu unguwanni da malaman gona na ƙaramar hukumar Sardauna, inda Mambila take, a zauna a raba tuddan, wanda aka ƙona bana a bar shi baɗi, kuma in za a sa wutar a sa ta da wuri, tun ƙasa na da sauran danshi.