Lambar da ba mu iya karantawa ita ke cinye mana kuɗi a asibiti

Tsakanin ɗakin likita da tagar akawu, a asibitocinmu na karkara, akwai wata 'yar lamba da ake rubuta wa mara lafiya. Ba a faɗa masa ita, bai san ma'anarta ba, amma ita ce ke yanke hukuncin ko inshora za ta biya ko ya koma gida ya sayar da hatsi. Wallahi abin nan ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai yake ci wa rai ba a yankinmu na Haɗeja.

Lambar ba ƙirƙirar asibitin ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara kundin ICD, inda kowace cuta take da harafi da alƙaluma. A bugu na 10, ciwon tsoka M79.1 ne, ciwon ƙugu M54.5, zazzaɓin cizon sauro kuwa daga B50 zuwa B54. Tun Janairun 2022 ma bugu na 11 ya fara aiki. An yi tsarin ne don likitan Dutse da na Legas su fahimci juna, a kuma san abin da za a biya. Ba ni da ja da shi. Da masu riƙe da biro nake.

Ni malamin firamare ne, duk wata ana cire mini kuɗin inshorar lafiya kafin albashi ya shigo hannuna. Bayan girbin shinkafar bana uwargida ta kwanta da ciwon kafaɗa da cinya, saboda sussuka da ɗaukar kaya. Har ta kai ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, sai 'yarmu ta ɗaura mata. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya matsa wurin, ya tambayi zazzaɓi, ya ce tsoka ce ta gaji, ya rubuta magani da hutu. Da muka isa taga sai akawu ya ce sai mun biya kuɗin hoto da na magani gaba ɗaya. Na ce, “Ɗan'uwa, wane hoto? Ai ba a rubuta hoto ba.” Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Malam, abin da ke cikin kwamfuta ciwon gaɓoɓi ne, shi kuwa sai an aiko da lambar amincewa, kuma yau babu sabis. Ka biya, in ta zo a mayar maka.”

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Ƙananan larurori irin ciwon tsoka an riga an biya asibiti kuɗinsu, domin duk wata ana ba shi wani adadi a kan kowane mutumin da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Manyan ayyuka su ne ake biya ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne ke buƙatar amincewar masu inshora. Ashe ke nan da an sauya lamba, larurar da aka riga aka biya ta koma wadda za a sake caja. Ko ganganci ne ko son zuciya, Allah ne masani, amma me ya sa kuskuren kullum aljihun talaka yake faɗawa? Na roƙi akawun ya leƙa ɗakin likita, taku kaɗan ne, ya gyara lambar cutar. Ya ce wanda ya shigar da ita ya tashi.

Na biya, don ba zan tsaya gardama matata na jingine da bango tana cije leɓe ba. Rasit ɗin da aka miƙo mini ɗan guntun takarda ne da hatimi ya dusashe, an rubuta jimilla kawai. Babu sunan cuta, babu lamba, babu farashin kowane magani. Da me zan nemi haƙƙina? Ko a kasuwar Gujungu ka sayi akuya, dillali zai faɗa maka kuɗin akuya daban, la'adarsa daban.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi tayar mini da hankali. Ranar da layi ya yi tsawo, duk wanda ya ce “jikina ke ciwo” sai a buga masa lambar ciwon tsoka a sallame shi da ƙwayar diclofenac. Alhali ciwon jiki alama ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da shi, taifot ma haka. Manomin da aka sallama ba gwaji zai dawo bayan kwanaki a kan amalanke. Ƙwayoyin nan kuma in aka daɗe ana sha suna cin ciki, suna lalata ƙoda, a yankin da kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi mutane daga Haɗeja har Gashuwa. Waɗannan lambobin ne dai ake tattarawa a aika sama, a ce ga cututtukan da ke damun ƙauyukanmu, a kansu a tsara maganin da za a turo mana.

A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. To tunda an wajabta mana biya, a wajabta musu bayani. A rubuta sunan cutar da Hausa kusa da lambarta a kan rasit, da boko ko da ajami, yadda dattijo zai iya cewa ba wannan likita ya faɗa mini ba. A manna farashi a bango, a ware abin da inshora ta ɗauke. Wanda zai shigar da lamba a koya masa aikin, kada a damƙa wa duk wanda ya iya taɓa kwamfuta. In sabis ya ɗauke, asibiti ne zai jira amincewa, a ba mara lafiya maganinsa ya tafi. Ni kuma kuɗina da aka ce za a mayar ina nan ina bin su, kuma na fara tattara rasit ɗin sauran malaman makarantarmu da aka yi wa irin wannan, za mu kai su gaba tare.