An Bar Kasuwar Rangwame Ta Mutu a Tsaye

Abin da ya fi ɓata mini rai game da rufe tsohuwar kasuwar rangwame ta garin 'yan yawon buɗe ido shi ne yadda aka zuba mata ido ta yi shekaru tana lalacewa. Kamfanoni ne suka buɗe shaguna a cikinta domin sayar da rarar kayansu da waɗanda yayinsu ya wuce a kan farashi mai sauƙi, amma da ciniki ya koma intanet, sai manyan shagunan suka tattara nasu ya nasu, ƙananan da ke cin albarkacinsu kuma suka kasa biyan haya. Masu ginin ba su rage haya ba, ba su kuma gyara rufin da ke yoyo ba. A zuwana na ƙarshe na tarar da bokiti a tsakiyar hanya yana tarar ruwan sama, ciyawa ta fasa kwaltar wurin ajiye motoci. Baƙi dai hutu ke kawo su, su koma gida, amma ma'aikatan da ke zaune a garin duk shekara su ne suka wayi gari suka ga kwaɗo a ƙofa.