Kwantaccen cikin Goggo da abin da likita ta gaya mini a Landan

Wata biyu ban ga al'adata ba, ga ni da shekara 46, babbar 'yata kuma ta isa aure. Ciki na fara zato, kunya ta rufe ni tun kafin in tabbatar. Na yi ta buga waya tun ƙarfe takwas na safe, kamar yadda aka saba a nan Ingila, har na samu aka ba ni lokaci a asibitin unguwarmu.

Ɗakin likitar ɗan ƙarami ne, da gado mai shimfiɗar takarda da kwamfuta a gefe, kuma minti goma ake ware wa kowa. Aka gwada fitsari, babu ciki. Sai ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta tambaye ni ko ina farkawa cikin dare sharkaf da gumi, ko zafi yana taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ko ina yawan mantuwa da fushi ba dalili. Duk na amsa da e. Ta ce na shiga shekarun ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Kafin nan ciki yana iya shiga, sai dai a shekaruna fiye da rabin irinsa ɓari ake yi. Ta ja kunnena cewa duk jinin da ya dawo bayan ɗaukewar, a garzaya asibiti, sannan ta nuna mini maganin da ake mannawa a fata domin maye gurbin sinadarin da jiki ya rage samarwa.

A cikin bas, Goggo ce ta faɗo mini a rai. Shekara huɗu ta yi tana jiran kwantaccen ciki ya tashi. Ta sha rubutu, ta sha jiƙe-jiƙe, ta yi hayaƙi, gumin darenta aka ce iska ce, fushinta kuma aka ce kishi ne domin a lokacin aka yi mata amarya. Da aka yi hoto daga baya, ƙari aka gani a mahaifa. Abin da aka warware mini a minti goma, shi ya cinye mata shekara huɗu da ɗan abin hannunta.

Ba rashin likitoci ne ya jawo haka ba, domin akwai ƙwararrun likitocin mata a Kano da Zariya da Sakkwato. Kunyar da muka ɗora wa jikin mace ce ta yi yawa. Mai ƙaramin ciki tana ɓoye shi saboda tsoron baki, ba ta zuwa awo sai ya fito fili, alhali a makonni 12 na farko ne ake buƙatar ƙwayar folic acid, wato bitamin mai taimaka wa ɗan tayi ya ginu lafiya, a nan ne kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa yake iya fashewa ya halaka ta. Wadda al'ada ke ɗauke wa kuwa tana yin shiru ne kada a ce ta tsufa.

Ban ce nan aljanna ce ba. Ana jiran ganin babban likita wata da watanni, kuma ranar na koma gida babu wadda ta leƙo ta ce mini sannu. A can ƙasarmu ana tsaya wa mace, amma mai jego ake tsaya wa, da wanka da kunun kanwa har kwana arba'in. Wadda ta yi ɓari, Allah ya mayar da alheri kawai ake ce mata, ita kuwa irin Goggo ko sannun ba ta samu ba.

Da daddare na kira ta a WhatsApp da niyyar in faɗa mata cewa yau na fahimci abin da ya same ta. Muka gaisa, ta tambayi maigidan da yaran ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Ta ce, "'Yar nan, muryarki kamar ba kya samun barci." Na ce, "Zafi ne yake damu na, Goggo." Ta san a watan Janairu muke, ta san sanyin ƙasar nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in riƙa ajiye ruwa da ƙaramin tawul kusa da gado.